Saitin Suruki

Tun kafin azahar Surajo ya fara nadamar kiran walimar nan. Shi dai cewa ya yi a zo a ga jirgi, a sa masa albarka. Bai ce a zo a shafe shi da maiƙon kaza ba. Amma mutanenmu idan suka ga abu mai ƙyalli, ido ba ya isar su, sai sun taɓa. Wannan ya ƙwanƙwasa fiffike ya ji ko ƙarfe ne, wancan ya jingina da jela yana amsa waya, wata kuma ta ɗora robar shinkafarta a kan gilashin mazaunin direba don ta gyara ɗaurin ɗankwali. Surajo yana biye da su da tsumma yana gogewa yana murmushin dole.

Shekaru ya yi yana haɗa jirgin nan da hannunsa a garejin gidansa da ke unguwar Sedgefield, a birnin Greensboro na Amurka. Motocinsu suka koma kwana a waje, matarsa Hanifa ta koyi riƙe ƙarfe ta ciki yana buga ƙusa ta waje, har maƙwabta suka daina tambaya. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu. Da ya kammala sai ya kawo shi wani ɗan filin jirgi a kudancin Greensboro, tsakiyar gonakin waken suya, ya kama rumfa, ya yi ta tashin gwaji shi kaɗai har aka yarje masa ɗaukar fasinja. Yau ce ranar fasinjan farko, kuma ba kowa ya ajiye wa kujerar ba sai surukinsa, Alhaji Ma'aruf, wanda ya zo daga Kano ganin jikoki.

Duk abin da ake yi, domin tsohon nan ake yi. Alhaji Ma'aruf ya daɗe yana shugabancin makanikai a Ƙofar Ruwa, kuma a wurinsa namiji shi ne wanda ƙasan farcensa yake baƙi. Surajo kuwa aikin kwamfuta yake yi a wani kamfanin inshora. Tun da ya auri Hanifa, Alhajin bai taɓa yi masa wulaƙanci ba, amma bai taɓa tambayarsa shawara a kan komai ba, ko da a kan kwamfutar ce. Kallon yaron kirki yake yi masa, irin wanda ake aika ya sayo ruwa. Surajo yana so yau tsohon ya zauna kusa da shi a sama, ya leƙa ƙasa, ya san cewa 'yarsa tana hannun mutum.

Ga shi kuma kunyar suruki ta yi masa katutu. Ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Ranar da ya je taryarsa, a tsakiyar filin jirgin sama ya tsuguna har ƙasa yana gaisuwa, Turawa suna ratse shi da akwatunansu.

An cire murfin injin don baƙi su gani. Alhaji Ma'aruf ya zagaya jirgin da hannayensa a baya, yana tauna goro, har ya iso gaba. Ya tsaya. Ya sunkuya. Sai ya fashe da dariya.

"Kai! Ai wannan Boswaja ce! Surajo, injin motar kunkuru ka ɗaura wa farfela?"

"Haka ne, Baba," in ji Surajo, kansa a ƙasa. "Shi ake ɗan gyarawa a sa wa ƙananan jirage."

Gaskiya ne, kuma da farko daɗi ya ji. Fuskar tsohon ta washe yadda bai taɓa gani ba. Alhajin ya juya yana ba jama'a labari: injin nan ya kwance shi ya ɗaure shi fiye da yadda zai iya tunawa, ya yi shi a rana, ya yi shi da tocila a baki, ko an rufe masa ido zai haɗa shi. Yana magana ya zura yatsa a cikin salansa. Yatsan ya fito baƙi ƙirin.

Dariyar ta ɗauke. "Tayar da shi in ji."

Aka ɗaure jelar jirgin da igiya, aka kori mutane baya, Surajo ya shiga ya tayar. Injin ya kama yana ɗan gurnani da ƙyar, kamar mai majina a ƙirji. Alhaji ya karkata kai yana saurare, sannan ya yi alama da hannu a kashe.

"Shaƙe shi kuka yi da mai. Wa ya yi maka wannan saitin? Ya cuce ka. Ai rabin man a salansa yake fita."

Surajo ya san wanda ya yi saitin, domin shi ne, shi da abokinsa Saaka, ɗan zangon Kumasi mai kamfanin manyan motoci, wanda jirginsa yake rumfar da ke kusa. Bazara guda suka ci a kai. A cikin kafiretar akwai wata allura da take ƙayyade yawan man da zai gauraya da iska. Sukan murɗa ta ɗan ƙanƙani, Surajo ya tashi, ya duba agogon zafin inji, ya sauko, su sake. Da gangan suka bar man ya yi yawa. Injin nan ba shi da ruwa, iska ce take sanyaya shi, kuma lokacin da jirgi yake hawa da totur a ƙure, iskar ba ta isa. Rarar man nan ita take hana kan injin ƙonewa. Mota a titin Kano ba ta taɓa zama da totur a ƙure tana hawan dutsen da ba ya ƙarewa. Baƙin salansar nan shi ne lafiyar jirgin.

Bayanin ke nan, bai fi a yi shi a numfashi biyu ba. Surajo ya buɗe baki, ya ga hular surukinsa, ya ga mutanen da suka kewaye su da kofunan zoɓo, ya rufe.

Alhaji Ma'aruf ya riga ya naɗe hannun riga. Ya zaro wani ɗan sukundireba daga aljihun gaba, wanda ashe har Amurka ya biyo shi. Ya cire tiyon mai, ya kafa baki ya zuƙa, ya kuskure, ya tsartar a kan simintin da Surajo ya wanke da safe. Yawun ya fito ja da goro, yana warin fetur. Sannan ya kafa leɓensa a bakin kafiretar ya hura, ya sake hurawa. Surajo yana ganin ɓarɓashin goro yana manne a jikin ƙarfen da shi ko taɓa shi ba ya yi sai da safar hannu. Ya kau da kai.

Sai aka zo kan allurar. Tsohon bai murɗa ta ɗan ƙanƙani ba. Murɗa ta ya yi irin ta mai gyaran tasi, wanda direba yake tsaye a kansa yana kukan tsadar mai. A tayar, ya saurara, a kashe, ya ƙara. A karo na ƙarshe injin ya tashi garau, silonsa ya daidaita, ƙararsa ta yi daɗi. Abin haushin ke nan: da gaske ya fi daɗin ji. Duk injin da aka rage wa mai haka yake yi a ƙasa.

Jama'a suka ɗauki kabbara. Wani Muzammil, wanda ko tayar motarsa bai iya canjawa ba, yana ɗaukar bidiyo yana cewa, "Kun gani? Experience! Ba computer, ba komai, kunne kawai. Turawan nan sai sun zo sun koya a wajenmu."

A nan Saaka ya kutso, fuskarsa a murtuke.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ina ganin girmanka. Amma wannan ba mota ba ne. Ka rage mai da yawa paa. In ya tashi da shi haka, injin zai ƙone kafin ya wuce itatuwan can."

Alhaji Ma'aruf ya goge sukundirebansa a tsumma a hankali, bai ko dubi Saaka ba. Sai ya dubi Surajo.

"Wane ne wannan?"

"Abokina ne, Baba."

"To kai me ka ce? Jirginka ne."

Ga ƙofa an buɗe masa, har an riƙe masa ita. Saaka ya riga ya ɗauki nauyin rashin kunyar, abin da ya rage wa Surajo kawai ya gyaɗa kai. Amma ya ga jijiyar wuyan tsohon ta tashi, ya ga wayar Muzammil tana kallonsu, ya hango bidiyon yana yawo a Ƙofar Ruwa: shugaban makanikai, wani ɗan Gana ya ƙaryata shi a kan injin Boswaja, surukinsa kuma ya goyi bayan baƙo.

"Saaka," ya ce, muryarsa har da 'yar dariya, "Baba yana gyaran injin nan tun ba a haife mu ba. Mu da muka koya a intanet, ai sai mu yi shiru."

Aka yi dariya. Saaka ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Chale, abokina, kai ne ka faɗi wannan? Mu biyu muka ƙone a rana a kan allurar nan." Ya girgiza kai. "Ba ni da magana kraa, ko kaɗan." Ya koma rumfarsa, amma bai rufe ƙofa ba.

Surajo ya ji ƙyamar kansa. Ya shiga mayar da murfin injin don ya samu abin da zai yi da hannayensa. Hanifa ta zo ta tsaya kusa da shi kamar tana miƙa masa kusoshi.

"Abin da Saaka ya faɗa gaskiya ne?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Gaskiya ne."

"To ka mayar da shi yadda yake mana."

"Yana zaune yana kallona. Ke ki gaya masa, mahaifinki ne."

"Ni? A gaban mutane in ce wa Baba bai iya aikinsa ba? Kai da ka san abin ka kasa, sai ni?" Ta waiwaya. "Just cancel it, Surajo. Ka ce akwai iska."

Ya ɗaga kai. Ko ganye ba ya motsi, sama wasai, zafin Yuli yana dafa mutum a cikin rigarsa. Idan kuma ya ce ya ga wata matsala a injin, sukundireban nan ne zai sake fitowa. An riga an kawo wa Alhajin kujera an ajiye a inuwar fiffike, yana zaune yana gyara hula, yana jiran a ce ya hau.

Abu ɗaya Surajo ya iya yi, kuma ko shi sai da ya naɗe shi da ƙarya. Ya tsuguna ya ce doka ta ce duk lokacin da aka taɓa inji, sai direba ya fara zagayawa shi kaɗai kafin ya ɗauki kowa. Alhajin ya gyaɗa kai, ya ce ko a gareji haka ake yi, ya je ya ji daɗin aikin.

Yana gangarawa zuwa ƙarshen titin jirgin yana yi wa kansa huɗuba. Zagaye ɗaya ne kawai. Shi kaɗai ne, jirgin ba nauyi. Da ya ɗaga zai sassauta totur. Akwai wani jan maɓalli a gabansa na daidaita mai, ya tura shi har ƙarshe, ko da yake ya san aikinsa ragewa ne daga abin da allurar ta bayar, ba ya ƙara ko ɗigo. A ƙarshen titin ya tsaya ya daɗe. Daga nan mutanen sun zama ƙanana, farar rigar Alhajin kawai ake ganewa. Babu abin da ya hana shi kashe injin a wurin, ya fito ya tako da ƙafa ya faɗi gaskiya. Ya san haka sarai. Ya yi bisimilla ya ƙure totur.

Jirgin ya zabura fiye da kullum, ya ɗaga da wuri. Na ɗan lokaci har zuciyarsa ta fara cewa ko tsohon ne da gaskiya. Sai ya dubi agogon zafi. Allurarsa ba tafiya take ba, gudu take. Ta bar kore, ta ratsa ruwan ɗorawa, kafin ya kai ƙarshen filin ta shiga ja. Ya so ya sassauta, amma dogayen itatuwan nan suna gabansa, dole sai ya hau kansu. Ya riƙe totur ɗin yana jin injin da ya wanke kowane ƙarfensa da hannu yana dahuwa. Wata ƙara ta fara fitowa, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Wari ya shigo, na ƙonannen mai da fenti.

Ya wuce itatuwan da ƙyar, ya sunkuyar da hancin jirgin, ya ja totur baya, ya fara juyowa. Ya makara. Injin ya yi tari, ya jijjiga jirgin gaba ɗaya, baƙin mai ya fantsamo a kan gilashi. Farfelar ta yi juyi biyu na kasala ta tsaya cak a gabansa. Shirun da ya biyo baya bai taɓa jin irinsa ba, sai iska kawai tana shafar fiffike.

Ko a lokacin, abin da ya cika masa zuciya ba tsoro ba ne, takaici ne. Wai shi ne zai mutu a gonar wani Bature saboda ya kasa cewa "Baba, bari." Wai haka za a ba 'ya'yansa labari. Ya ga titin ba zai kamu ba, ya zaɓi gonar waken suya da ke gefensa, ya leƙa ta gefen gilashin da mai bai rufe ba, ya ja sandar tuƙi a hankali. Tayoyin suka taɓa, ganye ya yi ta dukan cikin jirgin, sannan tayar gaba ta faɗa kunyar gona ta karye. Hancin ya caki ƙasa, jelar ta ɗaga sama, ta yi kamar za ta kifa, ta dawo.

Ya kashe komai, ya kwance ɗamara, ya fito da rarrafe. Babu inda ya karye, leɓensa ne kawai ya fashe. Ya durƙusa a cikin waken ya amayar da ɗan abin da ya ci tun safe.

Motar Saaka ce ta fara isowa, tana tsalle a kan kunyoyi, Hanifa da Alhajin a ciki. Sauran suna baya a guje, Muzammil har yanzu wayarsa a sama. Hanifa ta rungume shi tana kuka tana dukan kafaɗarsa. Saaka ya duba ko mai yana zuba, ya tabbatar ba wuta, bai ce masa ko sannu ba.

Alhaji Ma'aruf ya fito ba hula, ba takalmi ɗaya. Ya kama fuskar Surajo da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba, yana ta salati. Da ya tabbatar yana da rai, sai ya juya wajen injin. Murfin ya riga ya tsage. Ya sunkuya ya shinshina. Ya karɓi sifana a motar Saaka, ya naɗe hannunsa da gefen riga saboda zafi, ya kwance fulogi ɗaya ya ɗaga shi a rana. Bakinsa fari fat kamar toka, ƙarfen tsakiyar ya narke.

Ba sai an yi wa makaniki bayanin farin fulogi ba. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga wa jama'ar da suka iso hannu su tsaya daga nesa, sannan ya matso kusa da Surajo ya rage murya.

"Yunwar mai ce ta kashe shi. Hannuna ne."

"A'a, Baba," Surajo ya yi sauri, idonsa a ƙasa. "Ina jin man da na sha ne ba shi da kyau. Saitinka lafiya lau yake, ai kowa ya ji."

"Dube ni."

Ya ɗaga kai da ƙyar.

"Yaron can ya faɗa, na tambaye ka. Lokacin da na tambaye ka, ka san gaskiya ya faɗa?"

Surajo ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ka sani ka hau?"

Surajo ya sa hannu ya goge jinin leɓensa.

Fuskar Alhaji Ma'aruf ta canja. Surajo ya yi zaton kunya zai gani, ko fushi, da ya ji sauƙi. Abin da ya gani shi ne tsohon ya yamutsa fuska, ya ja da baya taku ɗaya.

"Ni na yi kuskure, ban san jirgi ba. A garejina ko yaron da ya zo jiya ya ga zan ɓata aiki, sai ya riƙe mini hannu, in zage shi, in gode masa daga baya. Kai ka sani. Ka gwammace 'yata ta yi takaba, jikokina su zama marayu, ni kuma in koma Kano da jininka a hannuna har in mutu, da dai ka buɗe baki. Kuma yanzu ma ƙarya kake yi mini." Ya tofar da yawu a gefe. "Wannan kake kira girmamawa? Tir."

Ya sa fulogin a aljihu, ya taka da ƙafa ɗaya ba takalmi zuwa inda Saaka yake tsaye. A gaban kowa ya miƙa masa hannu biyu ya ce ya yafe masa, shi ne da gaskiya. Saaka ya rusuna ya karɓa.

Mai gonar ya zo, aka yi maganar yadda za a janye jirgin, mata suka koma rumfa suna tattara robobi. Surajo yana tsaye kusa da injinsa da ya buga, ba wanda ya san abin da zai ce masa. Da aka tashi tafiya gida ya je ya buɗe wa surukinsa ƙofar gaba kamar kullum, ya tsaya a gefe yana riƙe da ita. Alhaji Ma'aruf ya wuce shi ya shiga motar Saaka.